Gida Mai Taya da Turken Wutarsa

A Amurka akwai mutanen da idan hutu ya zo ba sa ɗaure kaya a akwati, gidan gaba ɗaya suke tuƙawa. Mota ce doguwa, wata ta kai babbar bas ɗin da ke lodin Kano zuwa Legas, ga gado a ciki, ga kicin, ga banɗaki, ga firji, ga na'urar sanyaya ɗaki zaune a kan rufi. Kunkuru ke nan mai inji, inda dare ya yi masa nan ne gida. Yawancin irin waɗannan motoci a jihar Indiyana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa. Akwai kuma kamfanin Winnebago na garin Forest City a jihar Ayowa, wanda ya fito da tasa ta farko a 1966, har sunansa ya kusa zama sunan abin baki ɗaya, yadda mu ma kowane garin sabulu Omo ne a bakinmu.

Sai dai shi kunkuru ba ya neman ruwan sanyi. Gidan nan mai taya yana da batir a cikinsa, kuma batirin kan riƙe 'yan fitilu da famfon ruwa, kamar guzurin fura da ƙuli-ƙuli da zai kai matafiyi gari na gaba. Amma ranar da aka ce a kunna na'urar sanyi a zafin Arizona ko Texas, to guzuri ya gaza, sai an sauka zango. Zango kuwa suna da shi, irin na fatake sak: fili ne da aka yanka gida-gida, kowa ya biya kuɗin kwana a nuna masa wurinsa. Wasu na gwamnati ne, wasu na 'yan kasuwa. Mafi shahara cikin na 'yan kasuwar shi ne KOA, wanda wani mutum mai suna Dave Drum ya fara a garin Billings na jihar Montana a 1962, don matafiyan da ke wucewa zuwa bajekolin duniya na Seattle. Yau zangunan kamfanin sun haura 500.

A kowane wurin kwana akwai turke. Haka zan kira shi, domin aikinsa ke nan: wani ɗan akwatin ƙarfe ne a kan sanda, tsawonsa iya ƙugu, matafiyi ya ja wata waya mai kauri daga cikin motarsa ya ɗaure ta a jiki, kamar yadda falke ke ɗaure jakinsa kafin ya nemi wurin shimfiɗa. In ka ɗaga murfin akwatin, galibi baki uku za ka gani, babba da matsakaici da ƙarami, kowanne da birekarsa a sama, wato makunnin da ke datse wuta in an ja fiye da ƙima. Babban na amfiya 50 ne, matsakaicin na 30, ƙaramin na 20, mai kama da na bangon gidajensu. To ita igiyar motar baki ɗaya gare ta, ko na 30 ko na 50. Kuma ba kowane turke ne ke da duka ukun ba. Tsofaffin zanguna, musamman na gandun dajin gwamnati, sau da yawa na 30 kawai gare su, in ma akwai wutar. A duk faɗin gandun Yellowstone, zango ɗaya ne tak, na Fishing Bridge, ke da cikakken haɗin wuta da ruwa da magudana. Nan ake samun matsala: ga turke, ga igiya, amma baki bai zo ɗaya ba.

Kafin mu kai ga maganin, bari mu je bakin famfo. Wutar lantarki abu biyu ake aunawa a jikinta, kuma duk wanda ya taɓa tarar ruwa ya san su. Akwai ƙarfin turi, wato yadda ruwan ke fesowa saboda tsayin tankin da ya fito. Wannan shi ne bolt. Akwai kuma yawan ruwan da ke bi ta cikin bututun, wanda faɗin bututu ke iyakancewa; wannan shi ne amfiya. In ka haɗa biyun, turi sau yawa, sai ka san jarka nawa za ka cika kafin hantsi. Wannan shi ne wat. Tankin Amurka gajere ne, bolt 120 suke sha a soket ɗin bango, mu kuwa a Najeriya da Nijar namu ya kai wajen 230. Shi ya sa wayoyinsu suka fi namu kauri: in turi ya yi ƙasa, sai a faɗaɗa bututu kafin a sami ruwa iri ɗaya.

Yanzu mutum zai ce, to ai tsakanin 30 da 50 ba wani nisa, ɗan ƙari ne kamar tsakanin mudu da mudu da rabi. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, har da su masu motocin. Bakin 30 ƙafa uku gare shi: waya mai kawo wuta, waya mai mayar da ita, da wayar ƙasa. Bututu ɗaya ke nan, kuma abin da yake iya bayarwa wat 3,600 ne. Bakin 50 kuwa ƙafa huɗu gare shi, domin wayoyin da ke kawo wuta biyu ne, kuma kowace ɗaya amfiya 50 take ɗauka ita kaɗai. Bututu biyu ne manya suka shigo gida ɗaya, wannan ya nufi sashen uwargida, wancan ya nufi na amarya. In ka tara su wat 12,000 ne. Ashe ba mudu da rabi ba ne, ya fi mudu uku. Da wannan ne babbar mota ke iya kunna na'urar sanyi biyu ko uku, da injin wanki, da tukunyar ɗumama ruwa, duk lokaci guda, ba wanda ya ce wa wani matsa.

Maganin rashin daidaiton baki shi ne adafta, kuma wannan ba baƙon abu ba ne wurinmu. Wanda ya taso daga Maraɗi da cajarsa mai ƙafa biyu zagayayyu ya sauka Katsina ya tarar da soket mai rami uku masu kusurwa, ya san abin da ake nufi, ya kuma san shagon da zai shiga. Ta masu gidan mota dai ƙatuwa ce. Wadda suka fi yarda da ita guntuwar waya ce mai kauri, kamar kamu ɗaya, da ƙulli a kowane gefe, wannan gefen ya shiga turke, wancan ya karɓi igiyar mota. Saboda siffarta suke ce mata ƙashin kare. Akwai wata dunƙulalliya marar waya, kamar curin sabulu, ta fi arha, ta fi daɗin sa wa a aljihu, amma ta fi saurin ɗaukar zafi, kuma nauyin igiyar kan rinjaye ta ta saki baki. Ni dai da za a tambaye ni, mai wayar zan ce a saya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe game da adafta shi ne, mazurari ce. Mai sayar da man gyaɗa yana sa mazurari don bakin galan da bakin kwalba su fahimci juna. Mazurarin bai taɓa ƙara ko cokali ɗaya a kan man da ke cikin galan ba, bai kuma taɓa sa kwalba ta ɗauki abin da ya fi cikinta ba. Haka adafta: babu inji a cikinta, babu dabara, wayoyi ne kawai aka karkata daga wannan rami zuwa wancan. Ba ta ƙara amfiya, ba ta rage bolt, ba ta san ko abin da ke bi ta cikinta alheri ne ko masifa ba.

Ɗauki babbar motar nan mai bakin 50 da ta sauka a tsohon zango mai turken 30. Adaftar za ta ɗauki bututu ɗayan nan ta raba shi biyu, ta ba sashen uwargida ta ba na amarya, kowane soket a cikin motar ya nuna akwai wuta. Mutum ya shiga ya danna wannan ya kama, ya danna wancan ya kama, sai ya ɗauka komai na nan yadda ya saba. Alhali tukunyar da aka saba ɗorawa da mudu uku yau mudu ɗaya aka zuba, kwanukan dai suna nan yadda suke. Sai a koma lissafin mai rabon tuwo. Na'urar sanyi ɗaya kan ci amfiya 13 zuwa 15. Akwatin ɗumama abinci ya ci wajen 12. Tukunyar ruwan wanka, in da lantarki take aiki, ita ma wajen 12. Na'urar busar da gashi, ga ta 'yar ƙarama a hannu, amma cinta ya kai na na'urar sanyi. Ga kuma wani mai ci a ɓoye, wato na'urar da ke cajin batir, wadda kan ja kasonta ba tare da an ganta ba. Duka-duka kuwa 30 ne a tukunyar. Na'urar sanyi da akwatin ɗumama abinci sun riga sun kai bakin gaɓa. In wani ya shiga wanka ya kunna ta uku, sai ka ji ƙas, bireka ta faɗi, gida ya yi tsit.

Wannan faɗuwar ba lalacewa ba ce. Bireka dattijuwar gida ce da ke tsaye kan rabo, in ta ga hannaye sun yi yawa a kwano sai ta ɗauke kwanon kafin a fasa shi. Gogaggun matafiya ba sa jira ta tsawata. Su mayar da firji da tukunyar ruwa kan gas, su bar na'urar sanyi ɗaya kawai, in za a ɗumama abinci a kashe ta na minti biyar. Wasu manyan motocin ma suna da na'urar da ke wannan rabo da kanta, ta ɗan dakatar da wancan har wannan ya gama. Kuma akwai wani sirri a na'urar sanyi: lokacin tashi ta fi ci. Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa cike da jarkoki ya san turin farko shi ne mai fitar da gumi, in taya ta fara juyawa sai abin ya zo da sauƙi. Injin na'urar ma a wannan ƙiftawar ido ta farko yakan ja ninkin-ba-ninkin abin da ya saba, shi ya sa wasu ke sa masa wata 'yar na'ura mai sa shi ya tashi sannu a hankali.

Juya lamarin kuma: ƙaramar mota mai bakin 30 ta tarar da turken 50 kaɗai, ko ta tarar bakin 30 ɗin ya ƙone. Akwai adaftar wannan ma. Ita tana ɗaukar ɗaya daga cikin manyan bututun biyu ne, ta bar ɗayan a toshe, don haka bolt 120 ne ke shiga motar, daidai yadda take so. Ɗan ƙauye ne aka gayyata walimar attajiri: abinci ya yi yawa, amma cikinsa bai ƙaru ba. Birekar da ke cikin motar ta 30 ce, ita za ta hana shi wuce ƙima. Ɗan abin lura ɗaya ne. Igiyar da ke tsakanin turke da mota an yi ta ne don 30, mai tsaron da ke bayanta a turke kuwa sai abu ya wuce 50 yake motsawa. In igiyar ta sami rauni a tsakani, wanda ya kamata ya yi ihu da wuri zai yi jinkiri. Saboda haka igiya mai tsagewa ko wadda taya ta taka ba abar lallaɓawa ba ce.

Akwai kuma wanda ya dawo gida ya ajiye motar a ƙofar gareji, yana so firji ya yi sanyi kafin tafiyar gobe. Sai ya jera adafta kan adafta, daga 50 zuwa 30, daga 30 zuwa ɗan soket ɗin bango mai amfiya 15. Ya halatta, in dai ya san yanzu da tsinken shan lemo yake cika randa. Wat 1,800 ne iyakarsa: caji, fitilu, firji, shi ke nan. In ya ce sai ya kunna na'urar sanyi, kuma da siririyar wayar ƙari irin ta fitilar lambu, to wayar ce za ta zama murhu. A ma'aunin Amurka, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri: lamba 10 ake so don amfiya 30, lamba 6 don amfiya 50, wadda in an naɗe ta sai ƙato ya sa hannu biyu ya ɗaga.

Duk waɗannan maganar ƙoshi da yunwa ce. Yanzu ga inda abin ke zama maganar dukiya da rai, kuma a nan ne nake ganin kowa, ko bai taɓa ganin irin motar ba, yana da abin ɗauka. Bakin 30 na gidan mota, wanda ƙungiyar masu ƙera kayan wuta ta Amurka ta sa wa lamba TT-30, ya yi kama ƙwarai da wani tsohon soket da ake sa wa injin busar da tufafi a gidajensu. Girma kusan ɗaya, rami uku-uku. Amma na injin busarwar bolt 240 yake ɗauke da shi. Sau da yawa mai mota kan kira mai gyaran wuta ya ce a sa masa soket a gida, shi kuwa mai gyaran da bai saba da irinsa ba ya dube shi ya ce ai wannan na busar da kaya ne, ya haɗa masa 240. Kwalbar ruwa ce aka cika da kananzir aka ajiye kusa da randa: ido ba ya rarrabewa, sai an kurɓa. Ana soka igiya, cikin daƙiƙa kaɗan talabijin, da akwatin ɗumama abinci, da na'urar caji duk sun tafi, hayaƙi na fita ta bayan kabad. Adafta ba za ta cece ka a nan ba, mazurari ba ya shinshina abin da aka zuba masa. Ɗan mitan awo na hannu kuwa, wanda kuɗinsa bai kai na adaftar kirki ba, da ya faɗi gaskiya tun kafin a soka.

Bakin 50 shi ma da tasa cutar, kuma jaki ne zai bayyana mana ita. Ka san mangala, buhu biyu a haɗe, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Wayoyi biyun nan masu kawo wuta haka suke, tsakaninsu akwai bolt 240, kuma wayar da ke mayarwa ita ce majanyin da ya ɗaure mangalar a tsakiya, ya sa kowane gefe ya tsaya a kan 120, ko da kayan wani gefen sun fi nauyi. To ranar da majanyin ya tsinke, ko ƙafarsa ta yi tsatsa a cikin turke ta daina taɓawa, me zai faru? Gefen da ya fi nauyi ya yi ƙasa, gefen da ba nauyi ya yi sama. Haka wutar ke yi, ba ƙari ba ragi. Sashen da ke ɗauke da na'urar sanyi sai bolt ɗinsa ya zube, sashen da ba kowa sai talabijin da cajar waya kuwa bolt ɗinsa ya haura, har ya doshi 200. Marasa ƙarfin su ne ke ƙonewa. Mutanen unguwannin da aka taɓa sace musu wayar tiransifoma, aka wayi gari ƙwan wannan gida ya fashe na maƙwabci kuwa ya zama kamar garwashi, sun ga irin wannan da idonsu.

Sai wayar ƙasa, wadda masu gyaran wuta a wurinmu ke ce wa atin, ita ce aka fi rainawa domin kullum zaune take ba aiki. Rariya ce a gindin katanga. Duk rani ba wanda ke kallonta, har wani ya ce a toshe ta kar ɓera ya shigo. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ita ce ke hana tsakar gida zama tafki. In wata waya ta goge a cikin mota ta taɓa ƙarfen jiki, wayar ƙasa ce ke kwashe wutar ta mayar da ita da gudu har bireka ta faɗi. In babu ita, saboda ƙafarta ta karye a jikin adafta ko wani ya cire ta da gangan don baki ya shiga, to wutar sai ta kwanta a jikin motar gaba ɗaya tana jira. Motar a kan roba take tsaye, ba ta da hanyar zubarwa. Hanyar ita ce mutum na farko da ya zo ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ya kama marfin ƙofa. An rasa rayuka ta haka, har da na yara. Shi ya sa masana abin ke cewa ko ɗan tsam ka ji a jikin mota, kar ka ce ai kaɗan ne, ka je ka kashe turke. Wannan magana ta shafi mai cusa tsinken ashana ko murfin biro a soket don waya tsirara ta zauna, duk inda yake a duniya.

Wata damuwar kuma ba ta zuwa da ƙara. A tsakiyar bazararsu, watan Yuli, zango ya cika maƙil, kowace mota na'urar sanyinta na ruri, wayoyin da aka binne tun shekaru aru-aru lokacin da motoci ba su da wannan ci sai su kasa. Layin famfo ne da safe: na kusa da tanki na cika bokiti, na ƙarshen layi na tarar ɗigo. Bolt ya sauko daga 120 zuwa 108, zuwa 104. Fitila ba ta damu ba, ta ɗan dushe kawai. Injin na'urar sanyi kuwa jaki ne da aka hana dusa aka kuma bar masa kayan jiya: zai ja, zai yi ta ja, yana zafi, har wata rana ya durƙusa. Don haka matafiyi mai hankali ke sa wani akwati tsakanin turke da igiyarsa. Mai arhar cikinsu tsawa da fizgar wuta kawai yake tarewa. Mai tsadar kuwa mai gadi ne sosai: kafin ya buɗe ƙofa sai ya duba ko majanyi na nan, ko rariya a buɗe take, ko an juya wayoyi; in bolt ya faɗi ƙasa da wajen 104 ko ya haura wajen 132 ya rufe ƙofa, in abu ya daidaita ya ɗan jira kamar minti biyu kafin ya sake buɗewa, don injin sanyi ya huce. Ba sitabilaiza ba ne, ba ya ɗaga wutar da ta faɗi. Akwai wata na'urar daban mai wannan aiki, wadda wasu zangunan ba sa so domin tana jan ruwan maƙwabta.

Yawancin gobarar da ake gani a turke kuwa ba daga wani babban abu take tasowa ba, daga sako-sakon baki ne. Soket ɗin 30 a zango mai cunkoso kamar guga ne na rijiyar gari, kowa ya zo ya ja, ba mai shafa masa mai. Ramukan su buɗe, ƙarfen ya yi baƙi, fulogi ya shiga yana rawa. Inda taɓawa ta yi ƙaranci, nan wuta ke matsuwa, inda ta matsu kuwa nan zafi ke taruwa, har roba ta narke ta manne. Kowace adafta da aka ƙara wata mahaɗa ce, kowace mahaɗa kuma wurin ɗigo ce, kamar tiyon da aka yi wa ɗauri uku. Shi ya sa ma wasu masu motar 30 kan zaɓi su bi ta adafta su sha daga bakin 50 in sun ga na 30 ya gaji. Tsarin da suka saba bi ba wuya: a kashe birekar turke tukuna, a duba baki, a soka har ya zauna daram, sannan a kunna. In za a tashi, a kashe kafin a zare. Bayan awa guda a zo a ɗora tafin hannu a kan adaftar, yadda uwa ke taɓa goshin yaro. Ɗumi kaɗan ba komai, zafin da ke sa a janye hannu kuwa zazzaɓi ne. Ragowar igiya kuma a warware ta, kar a bar ta a naɗe kamar gammo, domin naɗaɗɗiyar waya riƙe zafinta take yi. A kuma ɗaga mahaɗar daga ƙasa, kar ruwan sama ya same ta kwance a kwari.

Akwai wata adafta mai kai biyu da wasu ke saya don wayo: kai ɗaya a bakin 30, ɗayan a bakin 20, wai a tara su a ba babbar mota. Sau da yawa ba ta aiki, kuma dalilin abin sha'awa ne. Ƙaramin bakin nan na 20 doka ta sa a ba shi wani makiyayi mai ƙirga. Yana ƙirga wutar da ta fita ta wannan waya, ya ƙirga wadda ta dawo ta waccan, kamar mai kiwo a bakin garke da yamma. In ɗan abin da bai kai ya kawo ba ya ɓace, kamar kashi 5 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, sai ya ce lalle wata tunkiya ta bi ta jikin mutum, ya datse nan take. Adaftar mai kai biyu kuwa tana sa tumakin wannan garke su dawo ta ƙofar wancan, lissafi ya ƙi fita, makiyayi ya rufe. Masu zango da yawa ma sun hana ta.

In ka tsallaka Turai sai ka tarar da zango iri ɗaya, turke daban. Can tanki dogo ne kamar namu, bolt 230, fulogin kuma wani shuɗi ne zagayayye mai ƙafa uku, wanda aka yi don amfiya 16. Sai dai masu zango da yawa, musamman a Faransa da Italiya, kan ƙayyade abin da kowane turke zai bayar, wani 10, wani 6 kacal. Amfiya 6 a can bai kai wat 1,400 ba, butar dafa shayi ta gida kuwa kan ci 2,000 ko fiye, don haka baƙo na ɗora ruwan shayi wuta ke ɗaukewa, kuma a wasu zangunan akwatin birekar a kulle yake, sai an je ofis an kira mai mabuɗi. Masu yawo can sukan sayi 'yar buta mai ƙaramin ci musamman don hanya. Baturen Ingila da ya haye ruwa da gidansa mai taya kan riƙe guntayen wayoyi biyu a akwati: ɗaya don tsofaffin turakun Faransa da har yanzu ke da soket irin na bango, ɗaya kuma mai juya wayoyi, domin a gida makunninsa waya mai kawowa kaɗai yake yankewa, in turken baƙunta ya ba shi su a juye, sai ya kashe abu ya ɗauka ya mutu alhali wuta na kwance a ciki. Ɗan gwajin da ke nuna hakan bai fi girman kwalin ashana ba, fitilu uku ne a jikinsa, ana soka shi a soket ɗin kicin da zarar an ɗaura igiya.